Bayan Asabe Nake

Asabe ta fito da kwanon ƙullun waina a ka, ta tarar da maƙwabciyarta Hajjo a ƙofar gida, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da 'yar wuƙar yankan kuɓewa tana ɓamɓare hoton ɗanta.

"Goggo Hajjo, wace irin ɓarna ce wannan tun da sahe? Jiya da la'asar na sa aka liƙa shi. Ko sitacin bai gama bushewa ba."

"Bangona ne," in ji Hajjo ba tare da ta waiwayo ba. "Ban ba kowa aronsa ba. Ga naki can, liƙa mutum goma in kina so."

"To miƙo mini shi in maida nawa bangon."

"Ni kuma da mi zan hura wuta?"

A hankali take aikin, kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafar jariri, har takardar ta rabu da bango ko kunnenta bai yage ba. Fuskar Dabo ce a jiki, da hularsa ƙube da murmushin nan da mai hoto ya tilasta masa. Hajjo ta kau da kai, ta soke takardar a hammata, ta juya za ta shiga gida. Asabe ba takardar take kallo ba. Ƙafafun tsohuwar take kallo, waɗanda suka kumbura har silifas ya ƙi shiga sai dai ta taka shi ta ja.

Dabo ɗan farin Hajjo ne. Ita kuwa Bafulatana ce ta asali, cikin waɗanda suka zauna bayan Ƙofar Sauri tun shekarar farin da ya share musu garke. A wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yabonsa, ba ta ma nuna ta san da zamansa a duniya. Shekararsa arba'in da shida bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mutumin nan" take ce masa, shi kuma ya ce mata Goggo kamar kowa. An ce kunya ado ce. Wataƙila haka ne. Amma ado akan tuɓe shi a huta, Hajjo kuwa da nata take kwana, da shi take tashi.

Tun da aka kawo Asabe unguwar tana amarya daga wani ƙauye na Batagarawa, shekara ashirin da biyu ke nan, Hajjo ta maida ta 'yar saƙo. Dabo zai zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, taku uku tsakaninsa da uwarsa, sai ta ɗaga murya ta kan katanga.

"Asabe, zo ki ce wa mutumin nan ɗakin awaki shina zuba."

Asabe ta bar tandarta ta zagayo, ta tsaya a tsakiyarsu, ta maimaita. Shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, "Ce mata an ji." Waina nawa ta ƙone a kan irin wannan aike, Allah kaɗai ya sani.

Babu wanda abin ya dama sai da siyasa ta shigo. Shekara biyu da suka wuce soja suka shirya zaɓen kansiloli irin na ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya a fili, mai sonsa ya tsaya a bayansa, a ƙirga kawuna da rana tsaka kowa na ganin kowa. Dabo, wanda malamin dabbobi ne da ya yi shekaru yana yi wa shanun mutane allura, ya tsaya. Alhaji Sammani dillalin hatsi ma ya tsaya. Mai unguwa ya ce duk baligi ya fito, Hajjo ta fito. Da ta ga layi biyu ne kacal, ɗaya kuma bayan abin da ta haifa, sai ta wuce kanta tsaye ta tsaya bayan Sammani. A ganinta duk mai tarbiyya abin da zai yi ke nan. Matan Fulanin unguwa kuwa, da yake ba mai shiga gaban Hajjo a cikinsu, suka bi ta ɗuu, kusan su arba'in. Da kai tara kacal Dabo ya tsira.

Ya yi kansilancinsa kamar yadda yake allurar shanu, ba hayaniya, ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka yi kwalbati a mararrabar da ruwa ke raba unguwa biyu duk damina. Ya yi sintiri sakatariya har takalminsa ya cinye kafin a janyo bututun ruwa. Injiniyan da aka turo, don neman suna, ya buga turke daidai ƙofar gidan Hajjo ya ce nan za a kafa famfo. Ranar Asabe ta kai saƙo mai zafi.

"Ce wa mutumin nan, in na wayi gari na ga ƙarfe a ƙofata, akuya zan ɗaure a jikinsa."

Aka kai famfon can ƙarshen unguwa, wajen leburori da 'yan acaɓa da suka taso daga ƙauyuka, inda mata suka fi shan wahalar ruwa. Daga nan Hajjo ta samu abin ƙorafi. Kullum sai ta ɗauki ɗan tulunta ta tafi can, tana faɗa wa duk wanda ta gamu da shi cewa ba ta taɓa ganin marar tunani irin wanda ya kai famfo bayan duniya ba.

Sai wata safiya rediyo ya ce an rushe kansiloli gaba ɗaya. Yanzu ga shi soja sun ce da gaske za su koma bariki, an kafa jam'iyyu, Dabo da Sammani kuma suka faɗa jam'iyya ɗaya suna neman tikiti ɗaya. Ran Asabar za a fid da gwani a filin firamare, kuma ƙato bayan ƙato za a sake. Asabe ce shugabar matan ɓangaren Dabo.

Da ta tashi daga suyar waina ta biya ta zaurensa. Wata biyar da rushe su, amma zauren a cike yake kamar ba a yi ba. Ga ɗan acaɓa da aka kama wa babur. Ga manomin da shanu suka shiga wa wake, zaune a tabarma ɗaya da mai shanun, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Ga wata mata da ke son a rubuta mata takarda ta kai 'yarta makarantar kwana. Sai da ya sallami na sallama sannan ya dube ta.

"Shugabar mata, ina muka kwana?"

"Maza kun yi kunnen doki da Alhaji. Mata ne maganar. Matan lebura da na masu tireda suna hannuna, albarkacin famfo. Amma Alhaji ya raba anko a cikin gari. Naku na Fulani kuwa sun ce sai sun ga inda Goggo ta sa ƙafa. In ba ta fito ba, ba su fitowa. In ta fito kuma, ka san inda ta tsaya wancan karon."

"Ba ta fitowa. Likita ya ce zuciyar ta gaji, a bar ta ta huta. Asabe, don girman Allah kada ki taso ta. Kujera ce. In ta tafi ta tafi."

"Waƙar fa?"

Ya shiga tsinkar bakin tabarma. Maroƙan Sammani ne suka fito da ita mako biyu da suka wuce, har ta shiga bakin mata a wajen daka: wanda uwarsa ta ƙi shi, wa zai so shi?

"Waƙa ba ta kisa," ya ce.

Asabe ba ta yi musu ba. Amma ta san tun da aka fara waƙar ya bar bin hanyar bakin kasuwa zuwa masallaci, sai ya zagaya ta bayan makabarta.

Ya ce kada ta taso ta, bai ce kada ta kai mata kunu ba. Bayan azahar ta dama na tsamiya ta shiga. Hajjo na kishingiɗe a ɗakinta, ƙarƙashin jeren ƙorenta na zamanin tallan nono, manya da ƙanana, an rufe kowace da faifai, farare tas don wanki.

"Goggo, jibi ne zaɓe."

"Allah shi kai mai rai."

"Ba cewa na yi ki yi magana ba. Tsayuwa ce kurum, ko ta minti biyar."

"In tsaya bayan abin da na haifa gari na kallo? Sai ka ce wadda ta rasa mafaɗi. Ai sai uwata ta taso daga kabari ta mare ni."

"Uwarki ba ta ga zamanin ƙuri'a ba."

"Shi ya sa ta mutu da mutuncinta."

Suna cikin haka aka yi sallama da babbar murya. Alhaji Sammani ne, ya cika ƙofar ɗakin da babbar riga, da ƙullin goro da kwalbar zuma a hannu. Kakansa daga Barno ya zo, saboda haka tsakaninsa da Hajjo wasan Barebari da Fulani ne, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

"Ina baiwar tawa? An ce kin kwanta don kada ki je mini sussukar gero."

"Bawa, wa ya ba ka izinin sa babbar riga? Durƙusa nan inda kakanka ke durƙusa wa kakana."

Ya durƙusa yana dariya har tumbinsa na rawa. Ya tambayi jiki, ya tambayi ƙafa, ya ce zumar ta Allah ce ba ta siyasa ba, ko da yake ya san jibi baiwarsa ba za ta bar ubangidanta ya tsaya shi kaɗai ba. Hajjo ta karɓi goro ta jujjuya shi a hannu.

"Na ji mata na daka da wata sabuwar waƙa. Kunnena ya yi nauyi, ban kama ta ba. An ce taka ce. Mi take cewa?"

Dariyar Sammani ta tsaya. Ya gyara hula, ya sosa ƙeya.

"Shirmen maroƙa ne, Goggo. Kin san bakinsu ba shi da linzami."

"Asabe, mi take cewa?"

Asabe ta faɗa mata, kalma bayan kalma, kamar yadda ta saba kai saƙo. Sammani ya sunkuyar da kai. Ana jin akuya na goga ƙahonta a jikin turke.

"Ƙi?" in ji Hajjo. "Wa ya ce musu ƙi ne?"

"Goggo, mutanen nan ba Fulani ba ne," in ji Asabe. "Rabin unguwar nan daga ƙauye muka zo, rabi 'yan cikin gari ne. Sun ga uwa ta wuce ɗanta ta tsaya bayan wani. Abin da ido ya gani shi baki ke faɗa."

"Ni na ɗauka kowa ya san karatun. A wajenmu, wanda aka fi kau da kai daga gare shi, ai shi ne..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ajiye goron, ta juya fuskarta bango. "Bawa, tashi ka tafi. Ka cika mini ɗaki da warin buhu."

Har Asabe ta ɗauki kwanonta ta fita Hajjo ba ta juyo ba. Ran Juma'a ma haka.

Ran Asabar tun da hantsi filin firamare ya cika. 'Yan takara suka tsaya suna fuskantar ajujuwa, kowane da layi biyu a bayansa, na maza da na mata. Asabe ce a kan layin matan Dabo. In ta waiga ta ga nata, ta dubi na Sammani da ya miƙe cikin anko kore har gindin katanga, sai ta sake ƙirga nata da ido. Matan Fulani kuwa suna can zaune a inuwar bedi da ƙorensu a gaba, kamar masu jiran mota.

Malam Haruna, wanda jam'iyya ta turo ya yi ƙidaya, ya fara da maza. Yana tafe yana nuna kowane kai da biro. Da ya gama ya ce Sammani ya wuce da mutum shida. Kalangu ya ɗauka. Ya juyo wajen mata ke nan sai aka ji hayaniya daga bakin ƙofa.

"Hanya, hanya. Yau ruwan mai tsada ne, kada a zubar mini."

Ɗanliti mai kura ne, magidancin da ke tura ruwa daga famfon Dabo yana sayarwa gida-gida. Ya sauke jarkokinsa, ya shimfiɗa tabarma da matashi a cikin kurar. Hajjo na zaune a kai ɗas, ta ɗaura baƙin saƙinta na biki, ta zuba awarwaron azurfa har gwiwar hannu, ta riƙe sandarta kamar mai kora garke. Fili ya dare mata. Ta nuna da sanda, Ɗanliti ya karkata kurar wajen Sammani.

Makaɗa suka ƙara wuta. Matan inuwar bedi suka fara miƙewa suna gyara ɗaurin zane. Asabe ta ɗauke ido daga kurar. Ta dubi ƙeyar Dabo, wanda bai waiwaya ba, ta ce a ranta da ta sani ta yi shiru da bakinta.

Kura ta tsaya gaban Sammani. Hajjo ta ɗaga sanda, kiɗa ya mutu.

"Bawa, matso."

Ya sunkuyo.

"Shekara biyu ina tsaron bayanka don kada ka gudu. Na gaji. Yau na 'yanta ka, je ka nemi na kanka."

Fili ya ɗauki dariya, Sammani ya fi kowa. Ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Uwar ɗakina, wa zai ci da ni?" Amma kurar ta riga ta juya. Ɗanliti ya turo ta har kan layin matan Dabo, ya kama tsohuwar ta sauko da ƙyar.

"Asabe, juya can. Tsaya daidai in dafa ki, ƙafata ba ta ɗaukata."

Asabe ta ji hannuwa biyu busassu sun sauka a kafaɗunta, awarwaro na ƙara a gefen kunnenta. Nauyin bai wuce na goyo ba. Numfashin tsohuwar na fita gajere-gajere a ƙeyarta.

Babaji, wakilin Sammani, ya taho da sauri yana kaɗa takarda.

"Malam Haruna, wannan jingina ce, ba tsayuwa ba ce. Marar lafiya ta samu abin dafawa. A tambaye ta da bakinta."

Malam Haruna ya russuna.

"Iya, ki yi haƙuri, ƙa'ida ce. Layin wa kike?"

Duk wanda ke filin nan ya san sunan da ba za ta iya faɗa ba. Har masu tallan gyaɗa suka matso. Asabe ta ji yatsun sun ƙara damƙe kafaɗarta.

"Ni ban san layin kowa ba, ɗan nan," in ji Hajjo, da muryar da take kiran Asabe ta kan katanga. "Bayan Asabe nake. Shekara ashirin da biyu ita ke kai mini saƙo. Yau ma ta kai."

Malam Haruna ya dubi Babaji, Babaji ya dubi ubangidansa.

"Ƙirga ta," in ji Sammani daga inda yake. "In da hali ma ƙirga ta sau biyu."

Malam Haruna ya nuna Asabe da biro ya ce ɗaya. Ya ɗaga biron sama da kan Hajjo, bai yarda ya taɓa ɗankwalinta ba, ya ce biyu. Kafin ya ce uku inuwar bedi ta zama wayam. Matan suka taho da ƙorensu a ka suka jeru, wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Har daga cikin masu anko kore wasu suka sulale suka biyo, da ankon nasu a jiki.

Dabo bai waiwaya ba. Asabe, da take taku biyu a bayansa, ta ga ya cire hula ya shafa fuskarsa da ita, ya daɗe yana shafawa, sannan ya maida ta a karkace.

Da kai talatin da ɗaya ya ci. Tun ba a gama faɗa ba makaɗan Sammani suka tsallako, kamar yadda makaɗa suka saba tun kafin a haifi siyasa, da kiɗan jiya da sababbin kalmomi. Sammani ya zo ya kama hannun Dabo ya ɗaga, ya ce ba kansila ne ya kada shi ba, baiwarsa ce ta yi masa tawaye. Hajjo kuwa tuni ta koma kan matashinta.

"Ɗanliti, maida ni gida. An gama hauka."

Daga ranar ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Amma Asabe ba ta taɓa ganin ta cikin nishaɗi irin na kwanakin nan biyar ba. Ɗakin ba ya rabuwa da mata, kowa na son ta ji daga bakinta. Ita kuma ta kafe a kan magana ɗaya.

"Jiri ne ya ɗebe ni, na dafa wadda na samu. Ku kuma da ba ku da aikin yi kuka biyo ni."

Sai a kwashe da dariya, ita ma ta yi har tari ya sarƙe ta. Ta raba awarwaronta ga jikoki. Ta ce a ba Ɗanliti ɗan akuya, amma a gaya masa tuƙinsa ba shi da daɗi. Sammani ya aiko da wata zumar, ta ce a maida masa rabi, 'yantacce ba ya biyan gandu.

Ran Alhamis da hantsi Dabo ya zo gaisuwa ya durƙusa inda ya saba. Asabe na zaune a bakin gado tana yi wa Hajjo fifita. An kawo ruwan randa, tsohuwar ta kau da kai.

"Ce wa mutumin nan ruwan famfon can nake so. Na bayan duniya."

Bai aiki kowa ba. Ya ɗauki ɗan tulunta ya fita da kansa. Daga baya matan wajen famfo suka ba Asabe labari, wai ya zo ya tsaya a ƙarshen layi da tulu a hannu, suka ce Kansila wuce gaba, ya ce ai shi ya kafa dokar layi. Sai da wata tsohuwa ta fizge tulun ta tara masa.

Da ya dawo, Asabe ta tallafo kan Hajjo ta ba ta a ludayi. Ta sha sau uku, ta lumshe ido.

"Da sanyi," ta ce. Ta ɗan huta. "Asabe, ce wa mutumin nan..."

"A'a, Goggo. Ran Asabar na kai na ƙarshe, gaban mutum ɗari biyar. Na aje aiki. Ga shi nan taku uku, faɗa masa da kanki."

Hajjo ta buɗe ido ɗaya ta harare ta.

"Ɗiyar ƙauye ba ta da kirki."

"Haka aka ce."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya marar sauti. A hankali ta juya ta fuskanci bango, kamar yadda ta yi ranar da ta ji waƙar. Asabe ta ɗauka barci za ta yi. Sai muryar ta fito, siririya amma ba gargada.

"To, bango shi ji. Na yafe, ban ma san abin yafewa ba. Allah shi yi albarka. Allah shi sa a tsaya bayansa ranar da ba ni nan."

Dabo na durƙushe kansa na ƙasa. Sannan shi ma ya ɗago ya dubi bangon.

"Amin," ya ce. "An ji."

Kafin kiran azahar ta cika, tana kalmar shahada, Asabe na riƙe da hannunta. Da sauran ruwan famfon aka fara yi mata wanka, Ɗanliti ya turo kura biyu bai karɓi komai ba. Bayan la'asar aka sallace ta a ƙofar gida. Asabe ta leƙa ta kafar zaure ta ga sahu ya miƙe har kwalbati: Fulani, leburori, 'yan acaɓa, 'yan kasuwar hatsi, Dabo da Sammani kafaɗa da kafaɗa a sahun gaba. Wata mata a bayanta ta ce cikin hawaye, yau kam Malam Haruna ko biro goma ya zo da su ba zai iya ba. Suka yi dariya suna share ido.

Ran sadakar uku mata suka ce Asabe ta sauke ƙoren a raba, tunda ita ta san ɗakin. Ta hau turmi tana miƙo su ɗaya-ɗaya. Ta ƙarshe ita ce babbar, wadda Hajjo ta zo da ita daga daji, mai ɗinki a gefe. Da ta ɗauko ta ji motsi a ciki. Ta ɗaga faifan.

Hotuna ne. Na zaɓen farko suna ƙasa, sun yi ja don daɗewa, na bana suna sama. Duk wanda aka taɓa liƙawa a bangon nan yana ciki, a shimfiɗe, ko ɗaya bai yage ba. Na saman har yanzu da busasshen sitaci a bayansa da ɗan jan ƙasar bango.

Asabe ta maida faifan. Ta sauko daga turmi, ta yafa gyale, ta ratsa tsakar gida da ƙwaryar a hannu biyu. A zaure Dabo na zaune cikin masu gaisuwa, har da manomin nan da mai shanu, yau suna cin goro ɗaya. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Saƙo ne," ta ce. "Wanga ba a ba ni ba, ni na ɗauko."

Ya ɗaga gefen faifan kaɗan, ya duba, ya rufe. Wani baƙo ya yi sallama, ya amsa, aka yi addu'a aka shafa. Ya janyo ƙwaryar ya ɗora a cinyarsa, ya ci gaba da karɓar gaisuwa, tafin hannunsa a kan faifan.